Babi na Huɗu: Ƙararrawar Mako-mako

Ƙararrawar ta tagulla ce, girmanta bai wuce na butar alwala ba, a samanta kuma an kafa tambarin ƙungiyar Rotary mai kama da giyar inji, mai haƙora 24. Tana zaune a kan teburin shugaba, kusa da 'yar gudumar katako. Idan lokaci ya yi, shugaban zai miƙe da wata sarƙa a wuyansa, wadda a kulob-kulob da yawa take ɗauke da sunayen duk waɗanda suka riƙe kujerar kafinsa, kowane suna a kan ɗan farantinsa na ƙarfe. Ya ɗaga gudumar ya buga sau ɗaya. Mai hira ya haɗiye sauran maganarsa, mai waya ya kife ta a kan tebur. An buɗe taro ke nan.

Haka zaman Rotary yake farawa a Kano da Kaduna da Jos, haka yake farawa a Alƙahira da Delhi da wani ɗan ƙauye a Amurka. Galibi a ɗakin taron otal ake yi, ko a wani gidan cin abinci, rana guda a mako, a lokaci guda da ba ya sauyawa. A bakin ƙofa akwai rajista, kowa ya sa hannu kafin ya zauna. Bayan addu'a da taken ƙasa sai a gabatar da baƙi ɗaya bayan ɗaya, a faɗi sunan kowa da sana'arsa da wanda ya gayyato shi. Sakatare ya karanta saƙonni, ma'aji ya faɗi abin da ya shiga asusu da abin da ya fita, shugabannin kwamitoci su faɗi inda aka kwana a kan aikin da ke hannunsu. Daga nan a ba baƙo mai jawabi minti ashirin ko kusa da haka: yau likitar ido, wani makon jami'in kwana-kwana, wani makon malamin gona. Cikin awa guda ko awa da rabi an gama, ƙararrawa ta sake ƙara, kowa ya kama gabansa.

'Yan Rotary na Najeriya ba su cika kiran wannan zama da sunan taro ba. Kalmar Turancin da ta fi zama a bakinsu ma'anarta zumunci, kuma wanda ya halarci zaman sau ɗaya zai gane dalili da zarar sajen taro ya miƙe. Shi ne mai tsare oda, shi ne kuma mai cin tara. Wanda ya makara ya biya. Wanda ya manta bai maƙala bajon ƙungiya a rigarsa ba ya biya. Wanda wayarsa ta yi ƙara ana tsakiyar jawabi ya biya. Idan an ga mutum da sabuwar mota a waje, ko hotonsa ya fito a jarida, sajen ba zai bar maganar ta wuce ba, ana dariya ana zaro kuɗi. Bayan tara sai masu murna: wanda aka yi wa haihuwa, wanda 'yarsa ta gama jami'a, wanda ya tashi daga jinya, kowa ya miƙe ya faɗi abin farin cikinsa ya jefa wani abu a faranti. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma mako hamsin da biyu ne a shekara, kuma kowane kwabo ana rubuta shi. Wani amfanin ma ya fi kuɗin. Ta wannan hanya kowa ya san halin da kowa yake ciki, ba wanda zai yi rashi ko ya kwanta asibiti a ce ba a ji ba.

Asalin abin kaɗaici ne. Paul Harris lauya ne da ya tashi a hannun kakanninsa a wani ƙaramin gari mai suna Wallingford a jihar Vermont, inda kowa ya san kowa. Ya buɗe ofis a Shikago a 1896, ya tarar da birni mai cike da mutane amma babu na zama a yi hira. Ranar Alhamis 23 ga Fabrairu, 1905, shi da mutum uku suka haɗu a ɗaki mai lamba 711 na wani bene a titin Dearborn: Silvester Schiele mai sayar da kwal, da Gustavus Loehr injiniyan ma'adinai, wanda ofishinsa ne, da Hiram Shorey, tela. Suka yi shawarar riƙa haɗuwa, yau a ofishin wannan, gaba a ofishin wancan. Daga wannan zagayawa sunan ya samo asali. Mutum na biyar, Harry Ruggles mai ɗab'i, shi ake dangantawa da al'adar rera waƙa a zaman, wadda har yau wasu kulob-kulob ba su bari ba.

Da farko ba maganar taimakon al'umma aka yi ba. Abota ce da ciniki. Dokar ita ce mutum ɗaya daga kowace sana'a, don kada kishiyoyin kasuwa su haɗu a tebur guda, kuma ana sa ran mamba ya sayi kwal wurin mai kwal, ya kai ɗinki wurin tela. Har wani aka naɗa yana rubuta cinikin da mambobi suka yi wa juna. Sai da wani lauya, Donald Carter, ya nuna cewa ƙungiyar da ba ta amfanar kowa sai 'ya'yanta ba za ta yi nisa ba, sannan aka ƙara hidimar gari cikin manufofi. Aikin farko da suka sa a gaba a 1907 shi ne makewayin jama'a a tsakiyar Shikago. Duk wanda ya taɓa matsuwa a tsakiyar kasuwar Kwari ko Sabon Gari ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Daga nan abin ya bazu. San Francisco a 1908, Winnipeg ta Kanada a 1910, Dublin da Landan a 1911, Johannesburg a 1921, wanda shi ne na farko a Afirka. A Najeriya kuwa Kano ce ta riga kowa. Kulob ɗin Kano ya karɓi takardar shaidarsa a watan Afrilun 1961, kusan wata bakwai bayan samun 'yancin kai, kafin na Legas da na Ibadan su biyo baya a cikin wannan shekarar. Lokacin Kano na da dalar gyaɗa, da filin jirgin sama da jiragen Turai ke yada zango, da manyan kamfanonin ciniki, wato irin garin da Harris ya yi tunani: mutane daga wurare daban-daban, kowa da sana'arsa, suna bukatar inda za su san juna. Yau ƙungiyar na da mambobi sama da miliyan ɗaya a ƙasashe da yankuna fiye da 200, hedikwatarta kuma tana Evanston, kusa da inda aka fara.

Abin da ya riƙe wannan taro tsawon shekara 120 ba wani sirri ba ne, rajistar bakin ƙofar nan ce. Shekaru da dama dokar ita ce mamba ya halarci kashi 60 cikin ɗari na zama, daga baya aka sassauta zuwa rabi, kuma wanda ya yi fashi huɗu a jere ba uzuri yana iya rasa kujerarsa. Idan tafiya ta kama mutum, sai ya nemi kulob ɗin garin da ya sauka ya zauna da su, a ba shi shaida ya kawo gida, a rubuta masa ya rama. Shi ya sa ɗan kasuwar Kano zai iya shiga zaman da ake yi a Istanbul ko Nairobi ba wanda ya san shi, a tarbe shi, a ba shi 'yar tutar kulob ɗin, shi ma ya miƙa tasu. A 2016 majalisar dokokin ƙungiyar ta ba kulob-kulob damar rage zama zuwa sau biyu a wata, annobar korona kuma ta koya wa da yawa yin taro ta intanet. Duk da haka tsofaffin hannu suna nan a kan bakansu cewa kulob ɗin da ya daina haɗuwa ido da ido ya fara mutuwa, kuma suna da hujja. Aikin da aka ɗora wa mutum ranar Talata, ya san Talata mai zuwa za a tambaye shi a gaban abokansa. Kunyar wannan tambaya ta gina rijiyoyi da yawa.

A kusan kowane zama ana karanta wani ɗan ma'auni mai tambayoyi huɗu, wanda ake so mamba ya auna maganarsa da aikinsa da shi: ko abin gaskiya ne, ko an yi wa kowa adalci, ko zai ƙara ƙauna da abota, ko kowa zai amfana. Wani ɗan kasuwa, Herbert Taylor, ya tsara shi a 1932 lokacin da aka ba shi riƙon wani kamfanin tukwanen alminiyam da bashi ya kusa durƙusarwa. Ya sa ma'aikata su auna har kalmomin tallarsu da shi, kamfanin ya farfaɗo, Rotary kuma ta karɓi ma'aunin a 1943. Bahaushen da ya tashi da karatun haramcin tauye mudu da ɓoye aibin haja ba zai ji baƙon abu a nan ba.

Inda zai ɗan ji banbaraƙwai shi ne wajen kiran suna. Al'adar da aka gada daga Shikago ita ce kowa a kira shi da sunansa na yanka, babba da yaro, don a daidaita kafaɗa. A ƙasar da ba a kiran dattijo gatsau, sai Alhaji ko Malam ko ranka ya daɗe, wannan na da nauyi a baki. 'Yan Najeriya sun samo mafita: a sa kalmar da ke nuna ɗan ƙungiya ne a gaban sunan, wanda ya taɓa shugabanci kuma a riƙa haɗawa da tsohon muƙaminsa.

Akwai kuma maganar da ba a tsallake ta idan ana zancen Rotary da Hausawa. Mutane da yawa a Arewa suna ɗaukar ta ƙungiyar asiri, kuma zargin yana da tarihi. A 1978 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta fitar da hukunci a kan ƙungiyar Freemason, ta ambaci Rotary da Lions cikin waɗanda ta danganta da ita. Tun kafin nan, a 1951, fadar Fafaroma ta hana limaman Katolika shiga, kodayake daga baya dangantaka ta gyaru. A Jamus ta zamanin Hitler ma sai da kulob-kulob suka rufe a 1937. Ita Rotary tana musanta alaƙa da kowace ƙungiyar asiri, tana cewa ba ta da rantsuwa, ba ta da addini ko jam'iyya, kuma tana da kulob-kulob a Masar da Turkiyya da Pakistan da Malesiya da Indunusiya. Hukuncin shari'a na malamai ne, mai tambaya ya kai tambayarsa gare su. Abin da ido ke iya tabbatarwa shi ne zaman ba a ɓoye ake yin sa ba: rana da wuri a rubuce suke, baƙo yana shiga ya zauna daga bugun ƙararrawa na farko har na ƙarshe.

Mata sun daɗe a waje. Sai da wani kulob a garin Duarte na jihar Kalifoniya ya karɓi mata uku a 1977, uwar ƙungiya ta kore shi, shari'a ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta ba kulob ɗin gaskiya a watan Mayun 1987. A 1989 aka buɗe ƙofa ga mata a duniya baki ɗaya, a 2022 kuma Jennifer Jones 'yar Kanada ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar.

Ayyukan da ke fitowa daga waɗannan tebura yawancinsu ƙanana ne, irin waɗanda ba sa shiga labaran ƙarfe bakwai: rijiyar burtsatse a makarantar firamare, bencina da littattafai, gidan sauro ga masu ciki, gwajin hawan jini da ciwon suga kyauta, aikin yanar ido, keken guragu, gyaran ɗakin haihuwa a asibitin unguwa. Idan aikin ya fi ƙarfin aljihun mambobi, sai su nemi wani kulob a ƙasar waje su haɗa hannu, su rubuta wa Gidauniyar Rotary. Ita ma gidauniyar da dala 26 da rabi ta fara a 1917, kuɗin da kulob ɗin Kansas City ya bayar. Wanda ya ba ta dala 1,000 ana ba shi lambar yabo mai sunan Paul Harris, kuma kuɗin da ta fitar sai an kawo rasit da rahoto kafin a sake ba wannan kulob wani.

Babban aikin da duniya ta san su da shi kuwa ya ratsa ta ƙofar kusan kowane gida a ƙasar Hausa. A 1979 Rotary ta ɗauki nauyin yi wa yara miliyan shida rigakafin shan inna a Filifin, a 1985 ta ƙaddamar da shirin PolioPlus, a 1988 kuma ta haɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka aka ɗaura aniyar kawar da cutar daga doron ƙasa. A lokacin tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Matan nan masu rataye da 'yar kula, masu ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki su shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, su yi rubutu da alli a jikin bango kafin su wuce gida na gaba, wani kaso na kuɗin aikinsu daga irin farantin sajen nan ya fito. Jimillar abin da 'yan Rotary suka zuba a wannan yaƙi ya haura dala biliyan biyu, Gidauniyar Gates kuma tana ɗora dala biyu a kan kowace dala da suka tara.

A nan tarihin ya sake komowa Kano ta hanyar da ba wanda ya tsara. Ranar 1 ga Yulin 2003, Jonathan Majiyagbe, babban lauya mazaunin Kano kuma ɗan kulob ɗin Kano tun 1967, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya. A cikin wannan shekarar gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin a jihar, saboda zargin cewa an gauraya maganin da abin hana haihuwa. Tsoron bai faɗo daga sama ba. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma talaka yana da tambayar da ta cancanci amsa: me ya sa ake bin sa har gida da maganin shan inna kyauta, alhali idan zazzaɓin cizon sauro ya kama ɗansa sai ya sayar da akuya? An shafe kusan shekara guda kafin a dawo da rigakafin a ƙarshen Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indunusiya. Kafin ƙura ta lafa cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan ashirin, a 2006 kuma yaran da ta shanye a Najeriya sun haura 1,100.

Abin da ya juya al'amarin shi ne shigowar sarakuna da malamai da masu unguwanni, da waɗanda cutar ta riga ta shanye suna bin gida-gida a kan kekunansu suna cewa a dube su, da kuma sansanonin duba lafiya inda uwa za ta samu maganin zazzaɓi da na gudawa tare da ɗigon. An biya farashi mai tsada: a watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, galibinsu mata. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a jihar an same shi a Sumaila a Yulin 2014, na ƙarshe a ƙasar kuma a Borno a 2016. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita, a shekarar ce kuma mujallar Time ta sa Dokta Tunji Funsho, shugaban kwamitin PolioPlus na Najeriya a lokacin, cikin mutum ɗari mafiya tasiri a duniya. Aikin bai ƙare ba, don wani nau'in ƙwayar yana ci gaba da ɓulla a jihohin Arewa maso Yamma inda yara da yawa ba sa samun rigakafi, shi ya sa har yanzu ake ƙwanƙwasa ƙofofi.

Duk wannan bai wanke kulob-kulob ɗin daga aibi ba. Zama ne na masu hali. Kuɗin uwar ƙungiya kaɗai ya kai kimanin dala 80 a shekara ga kowane mamba, ban da na gunduma da na kulob da na abinci, kuma faɗuwar naira ta sa wannan ya zama kaya mai nauyi ko ga ma'aikacin gwamnati mai babban matsayi. Da Turanci ake taron, a otal, nesa da lungun da za a kai wa aikin. Akwai kulob ɗin da zai kai buhun shinkafa biyar gidan marayu da masu ɗaukar hoto uku. Akwai famfon da aka buɗe da tafi da ƙyalle mai tambari, bayan wata shida ya lalace, ba a koya wa kowa gyaransa ba, ba a kuma bar wa unguwar ko sisin sayen kayan gyara ba. Kulob ɗin da ya san abin da yake yi yakan fara zama da mai unguwa da limami da matan gari ya ji abin da suke so, kafin ya kira mai haƙa.

Hausawa ba baƙin haɗuwa ba ne, ba kuma baƙin taimakon juna ba. Gayya ta girmi Paul Harris da ɗaruruwan shekaru. Adashi yana tafiya a kan amana ba tare da takarda ba. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai suna yashe kwatoci kafin damina, suna gyara maƙabarta, 'yan zumunta suna ɗaukar nauyin biki da jinya. Majalisa kuwa kullum ake zamanta, ba mako-mako ba, daga bayan isha'i har dare ya raba, kuma a cikinta akwai likita da tela da lauya da ɗan kasuwa, daidai irin haɗin da aka yi a ɗaki na 711. Abin da yakan kashe irin waɗannan ƙungiyoyi sananne ne: kuɗi a aljihun mutum ɗaya ba rubutu, shugaba guda shekara goma sha biyar, sai ranar da aka tambayi lissafi zumunci ya watse. A nan ne tsarin ƙararrawar nan yake da abin koyi, kuma ba sai an shiga Rotary ba kafin a ɗauke shi. Ana karanta lissafi a bainar jama'a, ana rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba, kowane aiki yana da sunan wanda za a tambaya.

Shugabancin kuma shekara ɗaya ne tak, daga ƙaramin kulob har uwar ƙungiya, kuma tun kafin mutum ya hau an riga an zaɓi wanda zai gaje shi, yana gefe yana koyo. Shekarar Rotary tana farawa ranar 1 ga Yuli. A wannan lokaci mai barin gado zai cire sarƙar daga wuyansa da hannunsa ya rataya wa sabon shugaba, ya miƙa masa guduma, ya koma cikin sauran mambobi ya zauna. Mako na gaba idan ya makara, sajen taro zai ci shi tara kamar kowa.